Gadon Da Alƙali Ba Ya Rabawa

Idan magidanci ya rasu a ƙasar Gozaki, a kan raba gona da rumbu da shanun huɗa, kowane magaji ya san rabonsa. Amma akwai wani gado wanda ba ya shiga littafin alƙali, watau amosanin gaɓɓai, wanda jama'a ke kira sanyin ƙashi.

Ga yadda ciwon ya ke. A kan kowane ƙashi, inda ya haɗu da ɗan'uwansa, akwai guringuntsi mai santsi. In ya cinye, sai ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, gwiwa ta kumbura, durƙuso ya gagara. Manomi ya kasa sunkuyawa da fartanya, har salla ma sai a zaune.

A kan ga manoma biyu sa'o'in juna, tare su ke huɗa, tare su ke tsinkar auduga. Ɗaya ya tsufa garau, ɗaya kuwa tun yana da shekara hamsin ya kama sanda. Waɗansu su ce sammu ne, waɗansu su ce sanyin fadama. Amma in an bi sawu, sau da yawa a kan tarar uwarsa ko kakarsa ta yi irin wannan ciwo.

Likitoci sun gwada wannan magana. A 1996, a asibitin St Thomas na birnin Landan, an duba hannuwa da gwiwoyin tagwaye mata, aka ga gado ne ke ɗauke da kashi 39 zuwa 65 bisa ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane wajen kamuwa. A 2021 kuma aka binciki mutum fiye da 800,000, aka sami wurare 100 cikin ƙwayoyin halitta masu hannu a ciwon.

To, amma fa abin da a ke gada rauni ne kurum. Ƙiba, da tsohuwar targaɗe ko karaya, da dakon kaya mai nauyi, su ke ƙarasa ɓarnar, kuma guringuntsin da ya cinye ba ya komawa kamar da.

Saboda haka gidan da aka san ciwon a cikinsa, kada a ɗora wa saurayi buhun masara alhali ga amalanke. Wanda ya gurɗe a kai shi asibiti da wuri, ya huta har ya warke kafin ya koma gona. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya sawwaƙe, amin.