Su ma a buɗe musu ƙofar kwaleji

Mu ɗaliban manyan makarantu 'yan asalin 'Yankwashi, idan hutu ya haɗa mu a gida mukan ƙirga abokan karatunmu na firamare. Wane yana Jami'ar Tarayya ta Dutse, wane yana Kafin Hausa, wance ta yi aure, wane ya tafi Legas neman na kansa. Amma akwai waɗanda lissafin ba ya biyowa ta kansu, alhali kullum muna gaisawa da su a ƙofar gida. Su ne 'yan uwanmu da aka haifa da jinkirin fahimta ko larurar galahanga. Tare muka yi wasan ƙasa, wasunsu tare muka zauna a tabarma ɗaya a aji, sai dai mu mun wuce, su suna nan inda karatun ya ajiye su.

Mutane da yawa suna haɗa larurarsu da taɓin hankali, kuma ba ɗaya ba ne. Mai jinkirin fahimta yana koyo, lokaci ne kawai yake buƙata, da maimaici, da malamin da ya san yadda ake bi da shi. A unguwarmu akwai wani sa'anmu da har yanzu karatun dogon rubutu yake ba shi wuya, amma a ba shi kiwon tumaki a gani. Ya san wadda ba ta ci ba, ya san wadda za ta haihu, kuma bai taɓa makara wajen ba su ruwa ba. Mahaifiyarsa takan ce abin da ke hana ta barci shi ne wa zai riƙe shi ranar da ba ta. Wannan tambayar tana cikin gidaje da dama daga Karkarna zuwa Roni da Gwiwa.

A takarda, an yi musu tanadi. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba su damar karatu kyauta har zuwa ƙarshen sakandare, ta kuma ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. To amma aikin gwamnati da takardar shaida ake nemansa. Ita kuwa hanyar manyan makarantu, kowa ya san ta: kiredit a darussan da ake buƙata, sannan jarrabawar JAMB. Gaskiya ne tun 2017 hukumar ta kafa kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi da wasu masu larura jarrabawa daidai da halinsu, kuma abin a yaba ne. Sai dai wanda larurarsa ta taɓa fahimtar karatun kanta, ko da an ƙara masa lokaci, kiredit ɗin nan katanga ce a gare shi. An ba shi gurbin aiki, an rufe hanyar da ke kai shi wurin.

Wasu ƙasashen sun buɗe wata ƙofa daban. A Kanada, Jami'ar Alberta ta fara karɓar irin waɗannan ɗalibai tun 1987. A Amurka, dokar ilimi mai zurfi ta 2008 ta amince da shirye-shiryen da ake yi musu a kwalejoji, ta kuma ba su damar samun tallafin karatu daga gwamnatin tarayya. A 2016 jihar Fulorida ta yi tata dokar, ta ware kuɗin jiha don buɗe irin waɗannan shirye-shirye da biya wa ɗaliban kuɗin makaranta. Tsarin ba mai wuyar ganewa ba ne. Ɗalibi yakan yi shekara biyu ko fiye a cikin kwaleji, yana shiga wasu darussa tare da kowa, yana koyon sana'a da riƙe kuɗi da hawa mota shi kaɗai, ana tura shi wuraren aiki don ya goge, a ƙarshe a ba shi shaidar abin da ya iya.

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wajen kula da masu buƙata ta musamman. A 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan su alawus na naira 7,000 duk wata, abin da ya ja hankalin ƙasar nan a lokacin. Akwai makarantar kurame a Haɗeja. Alawus yana rage raɗaɗin yau, amma ba ya koya wa mutum sana'ar da zai ci gobe. Abin da muke nema shi ne mataki na gaba, kuma ba sai an gina sabuwar makaranta ba. A Kazaure, nan kusa da mu, akwai cibiyar koyon fasahar sadarwa ta jiha da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu. A Gumel akwai Kwalejin Ilimi ta jiha. Ajujuwa da ɗakunan koyon sana'a suna nan, abin da ya rage shi ne a sa wa shirin layinsa a kasafin kuɗin jiha.

Mun nace a kan kasafi ne saboda mun ga yadda taimakon ganin dama yake ƙarewa. Mai hali zai raba kekunan ɗinki a yi hotuna, bayan wata uku babu mai koyarwa, babu zare. Kuɗin da aka rubuta a kasafi kuwa yana dawowa duk shekara, kuma 'yan majalisa suna da ikon tambayar inda ya tafi. Abin da zai saya a bayyane yake: albashin malaman da suka karanci ilimin masu buƙata ta musamman, waɗanda Jami'ar Bayero ta Kano take yaye su duk shekara, kuɗin mota daga ƙauye zuwa Kazaure, kayan koyon sana'a, da ɗan alawus ga ɗalibai irinmu da za su riƙa raka su aji suna maimaita musu darasi.

Mun san abin da wasu abokanmu za su ce: mu ma da kyar muke biyan kuɗin makaranta, wasu ajujuwan a tsaye ake ɗaukar darasi, ina aka ga rarar da za a yi wannan? Maganarsu tana da nauyi, mu ma a cikin wannan halin muke. Amma ko a yanzu ana biyan kuɗin rashin shirin, iyaye mata ne kawai suke biya, su da suke barin sana'arsu don tsaron ɗa mai shekara ashirin a gida. Wani kuma bara ce take ɗauke shi, inda yara ke tsokanarsa, manya na yi masa kallon abin tausayi. Idan aka fara da aji guda na ɗalibai kaɗan a kwaleji ɗaya, cikin shekara biyu za a ga abin da ya yi aiki da abin da ke buƙatar gyara.

Namu aikin shi ne mu kai maganar inda ake yanke hukunci. Ƙungiyoyin ɗalibai na Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da Ɓaɓura su rubuta takarda guda su miƙa wa 'yan majalisar dokokin jiha masu wakiltar yankinmu kafin a gabatar da kasafin shekara mai zuwa, sannan mu halarci taron jin ra'ayin jama'a a kan kasafin, mu tafi tare da iyayen yaran su faɗa da bakinsu. Allah Ya ba shugabanninmu ikon saurare, mu kuma Ya ba mu juriyar bibiya.