Gilashin Mota Ba a Kwantar da Shi

Iskar farkon damina ce ta jawo mini. Cikin dare ta karyo reshen darbejiyar da ke ƙofar gidanmu a Bichi, ya faɗo kan motar da nake kai yara makaranta. Da gari ya waye sai na tarar gilashin gaba ya tsattsage kamar saƙar gizo-gizo. Bai zube ba, amma ko ɗan akuya ne ya gitta ba za ki gan shi ta ciki ba. Abban yara yana wurin aiki a Fatakwal. Mai sa gilashi na garinmu ya ce aikin ba wuya, amma irin na motar sai an sayo daga Kano.

A satin na kwashi adashi, kuɗin da na so in ƙara jarin atamfa. Na ɗauki ƙanena, muka yi shatar Sharon, muka nufi Kasuwar Ƙofar Ruwa. Ban tafi hannu rabbana ba. Na ɗauko katifar yara da bargo biyu, don ni a ganina na san ɗaukar kayan fashewa. Jeren amare nawa na yi? Tangaran nawa na kai gidan miji ba tare da ko kofi ɗaya ya fashe ba?

Da aka fito da gilashin, na sa aka naɗe kujerun baya, na shimfiɗa katifa, na ce a kwantar da shi. Direban ya ce, "Hajiya, ni dai a tsaye na saba ganin ana ɗauka." Na ce, "Malam direba, kuɗina ne, bar ni in lallaɓa abina." Na lulluɓe shi da bargo kamar jariri, har na ɗora ledar kayan miya a kai, wai don kada ya motsa.

Mun wuce Dawanau kaɗan tayar baya ta faɗa wani rami. Ba ma babba ba. Sai na ji ƙas! Ƙaramar ƙara ce, kamar an karya tsinke. Ƙanena ya waiwayo ya dube ni, ni kuma na dubi titi. Da muka isa gida aka yaye bargo, ga tsaga nan ta taso daga gefe ta ratsa har tsakiya. Direban, Allah ya saka masa, bai ce uffan ba. Da ya yi magana ma da ya fi mini sauƙi.

Sai da na kwana biyu kafin na iya gaya wa Abban yara. Sati uku yara suna hawa adaidaita sahu cikin ruwan sama, kullum ina ƙirga kuɗin mota ina jin haushin kaina.

Komawa ta biyu na sami dattijon da ke da shagon. Na ba shi labari, ya yi murmushi ya ɗauko wani fasasshen gilashi ya nuna mini bakinsa. Ashe falle biyu ne aka manne, da wata roba siririya mai kama da leda a tsakani, kaurinsu duka bai wuce milimita 5 ko 6 ba. Robar ce ke riƙe shi idan ya fashe, shi ya sa wanda reshe ya faɗa wa bai zube ba. Na ƙofofi daban ne, su idan sun fashe rugurgujewa suke yi kamar tsakuwa.

Ya ce, "Hajiya, dubi yadda yake a lanƙwashe. In kin kwantar da shi, gefensa kawai ke taɓa ƙasa, cikinsa yana rataye a iska. Duk ramin da aka shiga sai ya lotsa ya dawo, kuma gilashi ba ya jure lotsawa." Na ce, "To Baba, katifar fa?" Ya ce katifa tana kare shi daga bugu, amma ba ta hana shi lanƙwasa. Ledar kayan miyata kuwa ƙarin nauyi ce a daidai inda ba shi da madogara. Wato da hannuna na taimaka wa ramin.

Kafin in biya sai ya sa na bi bakin sabon gilashin da ido a cikin haske, kusurwa zuwa kusurwa, domin daga baki tsaga take farawa, kuma ɗan ɓantarewar da bai kai ƙwayar gero ba ya isa. Wannan ban yi shi a zuwan farko ba, kuma har yau ina tunanin abin.

Mutum biyu suka ɗauko shi a tsaye, kowa hannu ɗaya a ƙasa ɗaya a gefe. Aka ninka kwali aka shimfiɗa, aka ɗora bargo, sannan aka tsayar da shi a kan dogon bakinsa, ya ɗan jingina kaɗan. An miƙar da shi ne bisa tsawon mota, ba a gicciye ba, saboda in direba ya taka birki kada nauyinsa ya tafi kan fuskarsa. Katifata ta samu aiki a ƙarshe: aka sa ta tsakaninsa da jikin mota don kada ya taɓa ƙarfe ko'ina. Da ƙanena ya jawo igiya zai ɗaure, dattijon ya hana, ya ce siririyar igiya matsa wuri ɗaya take yi. Na kwance wani tsohon zani da na ƙunso bargunan a ciki, aka zagaya shi da shi, aka ɗaure daidai yadda ba zai yi rawa ba, ba tamau ba. Ɗaurin goyo sak.

Tafiyar da ba ta cika kai awa ɗaya ba sai da ta kusa cinye mana biyu. Duk inda aka yi tudun rage gudu direba ya bi a hankali, na baya suna ta danna mana hon. Ƙanena ya so mu tsaya cin abinci, na ce a'a, ba zan bar shi cikin rufaffiyar mota a rana ba.

Da la'asar mai sawa ya zo. Ya kankare tsohon gam, ya shafa sabo, suka ɗora gilashin shi da yaronsa. Ya ce kada motar ta motsa sai gobe, a bar tagogi a ɗan buɗe, kuma kada wanda ya buga ƙofa da ƙarfi, don iskar da ke matsuwa a ciki tana iya tura gilashin kafin gam ya kama. Wannan ne ya fi ba ni wuya, don autana buga ƙofar mota ce sana'arsa. Na kulle ta, na ɗaure makullin a bakin zanina na kwana da shi.

Wancan da ya tsage yana nan bayan ɗakin girki, a jingine da bango, a tsaye.