Tsohon Inji da Kwaɗayin Gudu

Tun da aka buɗe rukunin Dakar Classic a Saudiyya a 2021, wanda ya bai wa motocin da suka kwana biyu damar shiga gasar hamada, masu tsofaffin Land Cruiser suka fara yi wa motocinsu wani kallo na daban. Ga mutanen Agadas wannan ba baƙon abu ba ne. A shekarun 1980 ta garinsu ayarin Faris-Dakar yake bi ya ratsa Tenere, kuma har gobe Toyota ce raƙumin wannan hanya.

Mai irin wannan mota, idan sha'awar tsere ta kama shi, da injin yake fara rigima. Yawanci 1HZ ne, injin dizal mai silinda shida da lita 4.2, wanda Toyota ta fitar a 1990. Ƙarfinsa bai wuce na doki 130 ba, alhali motar ta haura tan biyu. Yana da juriya, amma a gaban tudun rairayi nawarsa takan ƙure haƙurin direba. Daga nan sai zancen turbo ya taso.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Ƙarfin injin dizal ya dogara ne da yawan man da zai iya ƙonawa, man kuwa ba ya ƙonewa sai da iska. Turbo yana amfani da hayaƙin da ke fita ya juya farfela, ita kuma ta cusa ƙarin iska cikin silinda. A hamada buƙatar ta fi tsanani, domin iska mai zafin digiri 45 ta fi mai digiri 15 sauƙi da kusan kashi goma cikin ɗari. Tun kafin a taka totur, rana ta riga ta ci rabonta.

Abin da ke ruɗar mai mota shi ne, 1HZ yana da ɗan'uwa mai turbo daga kamfani, wato 1HD-T, mai ƙarfin doki kusan 165. Tunda girmansu ɗaya, sai ya ɗauka bambancinsu turbo ne kawai. Amma 1HZ yana matse iska kusan ninki 22, ɗan'uwansa kuwa bai kai 19 ba. Na farkon yana fesa mai ne cikin wani ɗan ɗaki da ke kan injin, na biyun kai tsaye bisa fistin da aka ƙera don ɗaukar wannan nauyi. Cusa iska mai yawa cikin injin da matsinsa ya riga ya yi sama, ƙara masa zafi ne da bai saba da shi ba.

Zafin nan shi ne ajalin inji. Bakaniken da ya murɗa famfon mai har baƙin hayaƙi ya turnuƙe yakan burge mai kallo, alhali hayaƙin shaida ce cewa mai ya fi iska yawa. Fistin na alminiyam ne, ƙarfen da ke narkewa a digiri 660, kuma yana yin laushi tun kafin ya kai can. Allurar zafin ruwa ba ta nuna wannan da wuri. Kafin ta motsa, ɓarna ta auku.

Saboda haka gwanayen aikin suke bin tsari. Sukan fara da gwada matsin kowace silinda da gyara nozul, don tsohon da ba shi da lafiya ba a ɗora masa kaya. Sai lagireto mai kyau, da matatar iska da za ta iya da ƙura, da ma'aunin zafin hayaƙi a gaban direba. Bayan haka ne turbo yake zuwa, da matsi kaɗan, tare da na'urar sanyaya iskar da ya cusa. Kuloci da birki su ma sai an duba su, tunda su za su ɗauki ƙarin ƙarfin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani abin lura shi ne, Dakar Classic ba ta auna wanda ya fi gudu. Ana ba direba gudun da zai riƙe da lokacin da zai isa, wanda ya fi kiyaye su shi ne gwani. A irin wannan gasa, doki talatin da aka ƙara cikin natsuwa sun fi tamanin da aka ƙwato da ƙarfin tsiya. A gari, inji idan ya buga, asarar kuɗi ce. A tsakiyar rairayi kuwa, inda rijiya mafi kusa take da nisan yini, lissafin yakan koma kan jarkar ruwan da ta rage a bayan mota.