Malaman Rani na Ƙasar Cadakori

Daga Katsina zuwa Maraɗi tafiya ce da ba ta kai kilomita 100 ba. Ka bi ta Jibiya, ka tsallaka iyaka, ka faɗa Ɗan Isa, kafin ka gama gyara zama ga ka a gari. Hausar ita ce, furar ita ce, har sarautar ma ta gida ce, tunda Sarkin Katsinan Maraɗi jinin waɗanda suka baro Birnin Katsina ne bayan jihadi. Abin da ya kai ni shi ne ganin mutanen da ke tafiyar da wata ƙungiya mai zaman kanta da ke koyar da manya karatu a karkarar jihar, daga Cadakori ta gundumar Gidan Rumji, arewa da Maraɗi, har zuwa ƙauyukan Agye da Gazawa a gabas.

A wurinmu idan aka ce ƙungiya, abin da ido ke fara nema shi ne ofis mai allon suna a ƙofa, da shugaba a bayan tebur, da kalanda mai hotunan 'yan kwamiti. Da wannan ma'aunin na shiga. Ofishin da na tarar ɗakuna biyu ne, ɗaya cike da alluna da kwalayen alli. Shugaban ba ya nan, mataimakinsa ma ba ya nan. Mai gadi ya ce mini in ina son ganinsu sai in nemi ɗan babur, don a wannan lokaci na shekara ba a samunsu a inuwa. Sai da na kwana na tashi kafin na fahimci cewa aikin nasu na da lokaci kamar noma. Ana buɗe azuzuwa bayan an gama kai amfanin gona rumbu, a yi ta karatu wata huɗu ko biyar na rani, ranar da ruwan shuka ya sauka kuwa aji ya watse, malami da ɗalibi kowa ya ɗauki kwashe. Duk abin da za a koya wa mutum a shekara dole ya shiga cikin waɗannan watanni, kuma su ne watannin da zafi ya fi tsanani, rumbu ya fara ƙasa, maza da yawa sun tafi ci-rani Najeriya ko Agadas ko Libiya. Shi ya sa mata suka fi yawa a kan tabarma.

Tsarin da suke bi ya ba ni mamaki. Gwamnatin Nijar tana da hukumar yaƙi da jahilci tun 1963, tana kuma da cibiya a Yamai da ke horar da jami'anta. Amma yawancin azuzuwan ƙauye ba ita ke buɗe su da hannunta ba. Ƙungiyoyi ne ke buɗewa da kuɗin masu ba da tallafi, ita kuma ta turo sufetonta ya horar da malamai, ya duba aiki, ya yi wa ɗalibai jarrabawa a ƙarshe. A ƙarƙashin shugaban ƙungiya akwai masu zagaye, kowane da ƙauyukansa da baburinsa. A ƙarƙashinsu akwai malamai. A gefe kuma akwai kwamitin gari, wanda shi ke kafa rumfar zana, ya zaɓi lokacin karatu, ya bi gidan matar da ta daina zuwa ya ji ko lafiya. Wani dattijo ɗan kwamiti ya ce mini aikinsa mafi wuya shi ne zama da mai gida har ya yarda matarsa ta fita tsakanin azahar da la'asar.

Malamar da na fi daɗewa a ajinta 'yar garin da take koyarwa ce, matar aure mai goyo. Ta yi lakwal, wato makarantar boko, har ta shiga sakandare, aka cire ta aka yi mata aure. Da muka gaisa ta ce, "Sannu da zuwa, Malam, kun sha hanya. Ina mutanen Katsina?" Na ce lafiya lau suke, na tambaye ta yadda ta fara. Amsarta ta tsayar da ni. Ta ce kafin ta koyar da kowa sai da aka zaunar da ita aka koya mata rubuta Hausa, domin duk shekarunta na makaranta da Faransanci ta yi su. Ni da na karanta Magana Jari Ce a firamare, na tashi ina ganin littattafan Hausa zube a bakin kasuwa, ban taɓa kawo wa raina cewa mutum zai iya rubuta wasiƙa da harshen Turawa ya kasa rubuta ta da harshen da ya sha a nono ba. Daga baya na tambayi kaina, mu ɗin fa? Nawa ne cikin masu digirinmu ke bambance inda ake haɗa kalma da inda ake raba ta? Ita dai an horar da ita, ta kuma kiyaye ƙa'ida fiye da yawancin abin da nake gani a Facebook.

Nijar ta gwada koyar da yara da harshen gida tun 1973 a Damagaram, amma abin bai game ƙasa ba. Rubutun ma ya sha sauyi. Bayan taron Bamako na 1966 an riƙa ninka dogon wasali, sai a 1980 aka zauna a Yamai aka daidaita da na Najeriya. Wani tsoho da ya yi karatun manya a zamanin farko ya ɗauko mini littafinsa daga cikin adaka, duk wasulan a ninke, ya karanta mini shafi guda ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Wannan tsohon ya sauke Alƙur'ani, yana kuma rubuta bashin da yake bin mutane da ajami. Irinsa suna da yawa a ajin maza na dare, kuma malamin kirki ya san ba daga farko zai fara da su ba. Hannun da ya saba da alƙalami da tawada abin da yake bukata shi ne a juya masa hanya daga hagu zuwa dama.

Darasin lissafi ne ya fi ɗaure mini kai. A nan kuɗi da dala ake ƙirga shi, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce ta sefa. Sulallan da aka rubuta wa 100, a baki dala ashirin ne. Takardar da ke ɗauke da 500, dala ɗari ce. Ta 1,000 ita ce jaka. To ga mace ta shekara talatin tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ba a taɓa cutar ta a canji ba, yau an nuna mata lamba a allo, ta duba kuɗin da ke hannunta ta ga abin da aka rubuta daban, abin da take faɗa daban. Malamar ba ta yi gaggawa ba. Ta zube kuɗi na gaske a kan tabarma, ta sa kowace ta faɗi sunansa na kasuwa, sannan ta karanta lambar da ke jikinsa, sannan su gano da kansu cewa tsakanin biyun ninki biyar ne. Na ga fuskar wata tsohuwa lokacin da abin ya faɗo mata. Ta tafa hannu ta ce, "Ashe haka abin yake, ɗiyata!" Ni da ke zaune da biro a aljihu sai da na yi ta lissafi a zuci kafin in kamo su.

Dalilin da ya sa matan nan ke son lamba da rubutu a fili yake. A wannan jiha ta Maraɗi ne ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a 1991, tsarin asusun da mata ke zuba kuɗi duk mako suna ba juna rance, wanda daga baya ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. A farko da ka ake riƙe lissafin, kowace ta haddace abin da aka zuba da wanda aka ranta. Da asusu ya yi nauyi sai aka bukaci mai rubutu, kuma ba sa son ɗauko namiji daga waje ya san sirrin akwatinsu. Dalili na biyu shi ne salula. Mace na son ta nemo sunan ɗanta da ke Legas a waya ba tare da ta kira yaron maƙwabta ba. A wajen Agye kuma, inda manoman Ɗan Saga suka yi suna wajen sassaben zamani, wato barin kututturen itace ya sake tofowa a gona, kwamitocin tsaron itatuwa ma na neman wanda zai riƙe musu littafi.

Mai zagayen da ya ɗauke ni a babur shi ya ba ni labarin binciken da aka yi kan irin aikinsu. A 2009 ƙungiyar CRS da masu bincike na Jami'ar Tufts ta Amurka, ƙarƙashin Jenny Aker, sun gwada sa wayar salula cikin darasin manya a ƙauyukan Doso da Damagaram, kuma waɗanda suka koya da waya sun fi sauran cin jarrabawa. Wanda ya fi burge ni shi ne bincike na biyu, da aka fara a 2014 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Babu abin da aka ƙara wa malamai na kuɗi. Abin da aka yi kawai shi ne duk mako a buga wa malami waya, a buga wa mai gari, a buga wa ɗalibai biyu, a tambayi ko an yi karatu, mutum nawa suka zo. Ɗaliban ƙauyukan da ake kira suka fi na sauran iya karatu da lissafi. Na yarda da wannan sakamako domin na ga dalilinsa da idona. Malamar ƙauye na aiki ne a wurin da babu mai ganin ta. In ta san akwai wanda zai tambaya, aikin ya zama aiki a idonta da idon gari.

Sai dai tambaya ba ta cika ciki. Abin da ake ba malaman ɗan alawus ne na watannin karatu kaɗai, kuma fiye da ɗaya sun gaya mini yakan makara. Shugaban, da na same shi daga ƙarshe a gindin gawo yana duba rajistar wani aji, bai musa ba. Tsohon malamin makaranta ne, mai magana a hankali. Ya ce kuɗin tallafi na zuwa ne da wa'adi, shekara uku ko biyar, in ya ƙare sai malaman da aka sha wahalar horarwa su koma talla ko su bi hanyar ci-rani, wani shirin ya zo ya sake farawa da sababbi.

A Cadakori akwai abin da ya taɓa ni fiye da duk wannan. Tun 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako jihar Maraɗi suna gudun 'yan bindiga, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da nan Cadakori. A wani aji na ji harshen wajen Sabon Birni da Isa. Mata ne 'yan ƙasata, waɗanda harafin farko na boko a rayuwarsu a ƙasar maƙwabta suka rubuta shi, a hannun malamar da ita kanta ba ta gama makaranta ba.

Mu ma mun taɓa riƙe wannan aiki da hannu biyu. A shekarun 1950 Yaƙi da Jahilci ya ratsa Arewa, Alhaji Ahmadu Kumasi na Katsina na cikin jagororinsa, hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai da jaridun larduna domin wanda ya koya ya sami abin karantawa. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano. Nijar ma ta taɓa yin jaridun karkara da Hausa, irin su Sabon Ra'ayi ta Madawa. Yau a ƙauyukan da na zaga, in ka ɗebe littafin aji da saƙon waya, da wuya ka ga wani abu da aka rubuta da Hausa. Wanda ya koya a rani ya shiga damina babu abin dubawa, kafin kaka rabin karatun ya zube, kamar ruwan da aka ɗebo a ƙwarya mai tsaga.

Ƙididdigar 2018 ta nuna kusan kashi 35 cikin 100 ne na manyan Nijar ke iya karatu da rubutu, mata kuma sun fi zama a baya. A watan Maris na 2025 sabuwar dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Waɗanda za su kai wannan doka ƙauye su ne malaman rumfar zana, kuma sun cancanci a biya su a kan kari, a riƙe su shekara bayan shekara. Marubutanmu da masu ɗab'i na Kano da Katsina da Zariya kuwa, ku sani akwai sababbin makaranta a tsallaken Jibiya da ke jiran littafi mai manyan haruffa da araha, kan noma da kiwo da lafiya da labari mai daɗi. Motocin Maraɗi kullum suna tashi daga Katsina, ku aika musu.