Akwalar keke a kan dutsen Tamalpais

A yammacin ƙasar Amurka, cikin jihar Kalifoniya, akwai wani dutse ana ce da shi Tamalpais. Tsawonsa mita 784. Idan mutum ya hau ƙololuwarsa, zai hangi tekun Pasifik daga yamma, ya hangi birnin San Faransisko daga kudu. A can, lokacin sanyi ne ake yin ruwan sama. Da zafi ya shigo sai ciyawar tuddai ta bushe, ta koma ruwan zinariya. Da safe hazo yakan taso daga teku ya rufe kwaruruwa. A cikin kwaruruwan nan akwai wasu itatuwa masu jan ɓawo, waɗansu sun fi mita 70 tsawo, shekarunsu kuwa ɗaruruwa ne.

A gindin dutsen nan, a garin Mill Valley, Joe Breeze ya girma. An haife shi a shekara ta 1953. Tun yana saurayi yake tseren keke bisa kwalta, da keke marar nauyi mai siraran tayoyi. Irin wannan keke ba ya son tsakuwa. Da ya bar kwalta sai taya ta fashe ko ƙafa ta lanƙwashe. Ga daji a bayan gida, ga hanyoyin ƙasa sun ratsa shi, amma babu keken shiga.

A shekara ta 1973, Joe ya sami wani tsohon keke ƙirar Schwinn, wanda aka ƙera tun 1941. Dala 5 ya saye shi. Akwala ne sosai, ga nauyi kamar an ɗaura masa turmi. Giya ɗaya gare shi. Amma yana da abu biyu da keken tsere ba shi da su: tayoyi masu kauri, da ƙarfe mai jure wahala. Da tsohuwar zuma ake magani. Joe ya wanke shi, ya ɗaure abin da ya kwance, ya nufi dutse da shi.

Hanyoyin dutsen iri-iri ne. Akwai turbar tsohon jirgin ƙasa wanda ya yi ta kai masu yawon buɗe ido bisa dutsen daga 1896 zuwa 1930. An kwashe ƙarafan dogo, turbar ta saura, tana murɗawa kamar maciji, da kwana 281. Akwai hanyoyin ƙasa masu faɗi da aka share domin motocin kashe gobarar daji. Akwai kuma ƴan siraran turbobi na masu tafiya da ƙafa, waɗanda suke kutsawa ƙarƙashin itatuwa, inda saiwoyi suke ketare hanya, rana kuma ba ta taɓa ƙasa sai tsakar rana.

Ba Joe kaɗai ba ne. Samari da yawa na yankin sun shiga neman tsofaffin kekuna a bayan shaguna da wuraren tara ƙarafa. A cikinsu akwai Charlie Kelly da Gary Fisher. Akwai kuma wata mace, Wende Cragg, wadda take hawa tare da su tana ɗaukar hoto. Hawan tudu da akwala aiki ne. Sau da yawa sai a sauka a tura shi, gumi yana zuba. Daɗin yana wajen gangarowa.

Kowa yana cewa shi ya fi kowa gudu. Gardama ta yi yawa, sai suka ce a gwada. Ranar 21 ga watan Oktoba 1976, suka taru a kan wani gangare kusa da garin Fairfax, arewa da Tamalpais. Tsawon hanyar kilomita 3 da ɗan ƙari, amma daga samanta zuwa ƙasanta an sauko kusan mita 400. Tana da kwana masu kaifi, da tsakuwa mai zamewa, da ramuka da ruwan sama ya haƙa. Ba a tashi gaba ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya ake sakin mahaya, ana duba agogo.

A nan ne akwala ya nuna iyakarsa. Ba shi da burkin hannu. Idan mahayi yana son tsayawa, sai ya mai da feda baya, waɗansu ƙarafa su matse a cikin cibiyar ƙafar baya. A hanyar gari wannan ya isa. A kan gangaren kuwa, mahayi yana danne da burki tun daga sama har ƙasa. Ƙarfe yana gugar ƙarfe, cibiyar ta yi zafi jau, giris ɗin da ke ciki ya ƙone. Kafin a iso ƙasa hayaƙi yana fita daga ƙafar baya. Dole a koma gida a kwance cibiyar, a sake cika ta da giris. Daga nan gangaren ya sami sunansa, Repack, wato sake cikawa.

Joe ya yi ta cin tseren nan. Amma wanda ya fi kowa saurin sauka shi ne Gary Fisher, da minti 4 da daƙiƙa 22. Sun sha faɗuwa, sun sha goguwar gwiwa da gwiwar hannu. Kekunan ma sun sha wuya. Ƙarfen da ya shekara talatin da wani abu yana aiki ba ya jure irin wannan duka. Yau ya tsage, gobe ya karye. Tsofaffin kekunan kuma suka fara wuyar samu.

Joe ya riga ya koyi haɗa gangar jikin keke, ya iya yankan ƙarfe da liƙa shi da wuta. Charlie Kelly ya roƙe shi ya ƙera masa wanda ba zai karye ba. Joe bai yi gaggawa ba. Ya auna tsohon akwalansa, ya zana a takarda, ya riƙe abin da ke da kyau a jikinsa. Ya nemo bututun ƙarfe marar nauyi, irin wanda ake aiki da shi wajen ƙera ƙananan jiragen sama. Ya ƙara waɗansu siraran bututu biyu, daga wuyan keken har zuwa ƙafar baya, don su riƙe shi. Ya sa giya mai yawa domin hawan tudu. Ya sa burkin hannu gaba da baya, da mariƙi irin na babur. A shekara ta 1977 keken ya kammala. Ya kai shi Repack, ya ci tseren a hawansa na fari. Kafin ƙarshen 1978 ya ƙera guda 10. Na farkon an ajiye shi a gidan tarihin ƙasa a birnin Washinton.

Daga nan abu ya bazu. Fisher da Kelly suka buɗe shagon sayar da kekunan dutse a 1979, wani maƙeri Tom Ritchey yana haɗa musu ƙarfen. A 1981 kamfanin Specialized ya fara fitar da irinsu da yawa daga masana'anta. A 1996, a birnin Atlanta, tseren keken dutse ya shiga wasannin Olamfik.

To, amma nasara ta zo da nata kaya. Lokacin da mahaya ba su fi ashirin ba, daji bai ji su ba. Da suka zama dubbai sai ƙara ta tashi. Dattijo yana tafiya a hankali yana sauraron tsuntsaye, sai keke ya faɗo masa daga kwana kamar dutse ya gangaro. Doki ya firgita ya nemi kayar da mai shi. Mai danne burki da ƙarfi yana jan taya a ƙasa, ya bar kwari, ruwan sama ya bi kwarin ya cinye hanya. Hukuma ta hana kekuna bin siraran turbobi da yawa, har a kan Tamalpais ɗin kansa. Tseren Repack ma an yi na ƙarshe a 1984.

Joe da abokansa suka ga hanyoyin da suka buɗe musu ido suna rufewa. A 1983 suka kafa ƙungiyar mahaya, don tsara tsere da kuma neman a bar musu hanya. A 1988 aka kafa wata babba a Kalifoniya, mai suna IMBA, ta shimfiɗa ƙa'idodi guda 6. Mahayi ya bi hanyar da aka yarda kawai. Kada ya bar ɓarna a bayansa. Ya mallaki kekensa. Ya ba wasu hanya. Kada ya firgita dabba. Ya shirya kafin ya fita. Mahaya suka fara fitowa da shebur da diga suna gyaran turba, suna yi wa ruwa mafita.

A shekara ta 2015, Joe yana cikin waɗanda suka buɗe gidan tarihin keke a Fairfax, ba nisa da gindin gangaren. An jera akwala kusa da sababbin kekuna. Mai kallo zai ga yadda aka gyara ƙarfe da burki cikin ƴan shekaru kaɗan. Koyon rage gudu saboda mai tafiya da ƙafa ya fi haka daɗewa.

Tambayoyi

1. Don me keken tsere ba ya iya shiga daji?
2. Daga ina gangaren Repack ya sami sunansa?
3. Me Joe ya ƙara wa sabon kekensa?
4. Don me aka rufe wa kekuna waɗansu turbobi?
5. A kan hanyar gona, idan mai keke ya haɗu da mai jaki, wa ya kamata ya kauce?