Inda sawun kakar Harriet Tubman ya ɓace



Da yawanmu mun taɓa jin sunan Harriet Tubman, baiwar nan ta jihar Maryland a Amurka wadda ta gudu a 1849, ta riƙa komawa a ɓoye har ta kuɓutar da mutum kusan 70. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne wuyar da aka sha kafin a gano asalinta.

Iyayenta, Ben Ross da Rit Green, sun raɗa mata suna Araminta. Ba wanda ya rubuta ranar haihuwarta, ita kanta ba ta san shekarunta daidai ba. Sai da wata masaniyar tarihi, Kate Clifford Larson, ta tono wata tsohuwar takardar lissafi, ta ga an biya ungozomar da ta karɓi haihuwar Rit dala 2 a watan Maris na 1822. Da wannan aka tsayar da shekarar. Ƙidayar jama'a ta 1850 da ta 1860 kuwa ba ta rubuta sunayen bayi ba, sai shekaru da jinsi da launin fata a ƙarƙashin sunan ubangidansu.

Harriet da kanta ta taɓa bin sawun takarda. Kafin ta gudu, ta biya wani lauya dala 5 ya duba matsayin mahaifiyarta. Ya gano wasiyyar Atthow Pattison, tsohon ubangidan Rit, wadda ta ce bautarta za ta ƙare idan ta cika shekara 45. Magada suka yi biris, Rit ta ci gaba da bauta. Ashe 'yancin yana nan a rubuce, an danne shi ne kawai.

Daga Rit sai mahaifiyarta, Modesty, wadda aka kawo daga Afirka a jirgin bayi. A nan sawu ya ɓace. An ce wa Harriet tun tana ƙarama jininta na Ashanti ne, amma babu takardar da ta tabbatar. Sunan da Modesty ta baro gida da shi, da garinsu, duk sun tafi.

Su da ƙarfi aka raba su da asalinsu. Mu fa? Muna nan kudu, 'ya'yanmu a nan aka haife su. A tambayi yaro sunan kakarsa ta wajen uwa, sai ya ce Inna ko Hajiya, domin alkunya ta hana a faɗi sunan a gabansa. Salsalar maza muna iya jerowa, ta mata kuwa da wuya ta wuce hawa biyu.

Don haka muna roƙon kowane magidanci ya zauna da dattijuwar gidansa tun tana da rai. A rubuta sunanta na yanka, da na mahaifiyarta, da garin da suka taso. A ajiye a gida, a kawo ɗaya mu sa a littafin ƙungiya.

Allah ya jiƙan magabatanmu.