Turanci Ba Shi Ne Ma'aunin Kowane Harshe Ba

Da girmanmu muka soma koyon Sifaniyanci, bayan mun haura shekara 40, muna kuwa koyonsa daga littattafan da aka shirya domin masu jin Turanci. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, yawancin gargaɗin da ke cikinsu gargaɗi ne a kan Turanci kansa. Ashe bakin da ya saba da Turanci, da zarar ya ga baƙaƙen boko, sai ya so ya furta su yadda mutanen Ingila suke yi. Babban aikin mai koyo shi ne ya kwance wannan sabo.

Kada mai karatu ya ce harshen nan ya yi mana nisa. Kimanin mutum miliyan 500 ne suka tashi da shi, yawancinsu a Meziko da sauran ƙasashen da ke kudu da Amurka, ban da ƙasar Sifen kanta. Maƙwabciyarmu Ikwatoriyal Gini, wadda ta sami mulkin kai daga Sifen a 1968, da shi take aikin gwamnati.

Bari mu fara da wasula. A Turanci harafin a yana da murya dabam dabam: ba ɗaya yake ba cikin "cat" da "late" da "father". Sifaniyanci kuwa wasula 5 ne kawai, a, e, i, o, u, kowannensu da muryarsa guda, ba ya sākewa. Mai jin Turanci yakan ja kalmar "no" har ta ƙare da wani ɗan u, yakan kuma haɗiye wasalin da bai ɗora wa ƙarfi ba. Dole ya bar wannan duka. Kalmar "casa", watau gida, a biyun nan sai su fito sarai. To, ina wahalar wannan ga yaron da ya iya karanta "kasa" da "masa" tun yana aji ɗaya?

Sai harafin r, wanda ya fi ba Turawan Ingila da Amurka wuya, gama su sukan janye harshe baya, ba ya taɓa ko'ina. A Sifaniyanci "pero" shi ne "amma", "perro" kuwa kare ne. A ta farko harshe yakan bugi bayan haƙoran sama sau ɗaya, a ta biyu sai ya karkaɗa. Haka kuma kowane r na farkon kalma karkaɗa shi ake yi. Mai jin Turanci yakan daɗe yana fama da wannan. Mu kuwa muna da shi a gida. Ku faɗi "arba'in", sa'an nan ku faɗi "sharri", ku ji yadda harshenku yake yi.

Akwai waɗansu baƙaƙe da ke yaudarar ido. Ba a furta h ko kaɗan, saboda haka "hola", gaisuwarsu, "ola" za a ce. Harafin j daga maƙogwaro yake fitowa, kusa da yadda Larabawa suke fara kalmar "khamsin". Babu bambanci tsakanin b da v. Harafin ñ mai ɗan lanƙwasa a ka, kusan shi ne ny na cikin "hanya". A yawancin ƙasar Sifen, z yana fita kamar farkon kalmar Turanci "think", amma a Meziko da maƙwabtanta s ne kawai. Dukansu daidai ne, sai mai koyo ya zaɓi ɗaya ya riƙe.

Wani abu kuma shi ne gaɓar da ake ɗora wa ƙarfin murya. A Turanci sai an haddace ta kalma kalma, amma a nan akwai doka. Idan kalma ta ƙare da wasali, ko n, ko s, ƙarfin yana kan gaɓa ta biyun ƙarshe. Idan ta ƙare da wani baƙi dabam, yana kan ta ƙarshe. Kalmar da ta saɓa wa dokar, sai a sa ɗan kara bisa wasalinta. Ba ƙaramin abu ba ne: "hablo" shi ne ina magana, "habló" kuwa ya yi magana. A Meziko "papa" dankali ne, "papá" kuwa mahaifi. Wanda ya san cewa murya ce ta raba kukan yaro da kukar miya, ba zai yi gardama da wannan ba.

Kada dai mu yabi kanmu fiye da kima. Hausa ba ta raba p da f, Sifaniyanci kuwa yana raba su: "puente" gada ce, "fuente" maɓuɓɓugar ruwa. A nan Turancin da muka sha wuya a kansa ya biya mu lada. Amma ko shi sai an gyara, domin p na Turanci yana fitowa da hucin iska, na Sifaniyanci ba ya yi. Ku riƙe 'yar takarda a gaban baki ku gwada. In ta motsa ƙwarai, Turanci ke nan kuke yi.

Mun kuma iske tsofaffin sani a can. Musulmi sun yi mulki a sassan Sifen daga 711 zuwa 1492, Larabci ya bar musu kalmomi da yawa, kamar yadda ya bar mana. "Azúcar" ɗan'uwan sukari ne, "aceituna" 'yar'uwar zaitun, "alcalde" kuwa, watau magajin gari, asalinsu ɗaya da alƙali.

Dalilin da ya sa muka kawo wannan zance, muna ganin iyaye da yawa suna hana yara Hausa a gida, wai domin Turancinsu ya yi kyau. 'Yan'uwa, a yi hankali. Yaro mai harshe ɗaya yakan ɗauka haka kowa yake furta baƙaƙe. Mai harshe biyu ya riga ya san hanya ba ɗaya ba ce, na uku ba zai firgita shi ba. Ku bar yaranku su yi Turanci a makaranta, amma da dare ku sa su karanta muku Hausa da babbar murya, kuna gyara musu. Ba ku san harshen da za su bukata gobe ba, amma kunnen da kuka horar yau zai bi su duk inda suka tafi.